Mahaucin da Ba Ya Iya Yanka Kaza

A Naga Hilal, wani gari can kudu da Alƙahira, in ka tambayi gidan Zaglul Abdurradi, mutane za su yi ta kallon juna suna cewa ba su san mai sunan ba. In kuwa ka ce gidan Mahauci kake nema, ko makaho zai raka ka har ƙofa, sannan ya ja da baya ya bar ka ka ƙwanƙwasa da kanka.

Sunan ba shi ya nema ba. Ubansa, Abdurradi, shi ne mahaucin gaske, mai rumfa a bakin kasuwa daura da tashar jirgin ƙasa. Zaglul ne ɗansa na fari, kuma tun yana ƙarami ya taso da ƙira irin ta ingarma, kafaɗu kamar ƙyauren shago, ga gira a haɗe. Uban ya yi ta gode wa Allah da ya ba shi magaji. Da wata Babbar Salla ta zo, aka kayar da rago a tsakar gida, aka miƙa wa Zaglul wuƙa. Ragon ya dube shi, shi ma ya dubi ragon. Kafin wuƙar ta kai wuya, yaron ya zube a kan tasar ruwa, sumamme. Abdurradi ya yanka ragonsa da kansa, ya kafa wa mutanen gidan doka cewa zazzaɓi ne ya kayar da yaron, kuma duk wanda ya faɗi wani abu daban a waje zai gamu da shi. Bayan Salla ya nema masa aikin ɗaukar buhu a kamfanin sukari, bai ƙara yi masa maganar rumfa ba.

Kamfanin yana da ƙungiyar ƙwallo da ta daɗe tana jan ciki a rukuni na biyu. Kocinta, Kyaftin Bayumi, gajere ne mai yawan taba da ƙarancin 'yan wasa. Wata rana ya hango Zaglul ɗauke da buhu biyu yana hawa mota, ya tambaya ɗan wane ne, aka ce ɗan mahauci ne. Bayumi ya jefar da tabarsa ya ce shi ke nan, ya samu mai tsaron baya.

A atisayen farko ya gane abin da ya ɗauko. Yaron ba ya kai ƙafa. In ɗan wasan gaba ya taho da ƙwallo, Zaglul ba ya zamiya, ba ya shiga jiki, sai dai ya tsaya a hanya ya bi shi a hankali kamar mai kora agwagi, har mutumin ya rasa wurin bi. Tsoron ya ji wa wani rauni ne ya koya masa karanta ƙafar mutum da idonsa, ya san inda ƙwallo za ta faɗi tun ba a buga ta ba. In kuwa aka yi kuskure suka yi karo, shi zai fara miƙa hannu yana ba da haƙuri.

Da wani kocin ne, da ya mayar da shi wurin buhu. Bayumi kuwa ya ja shi gefe ya ce masa wasansa ba laifi, halinsa ne ke buƙatar gyara. Ya kafa masa sharuɗɗa. Kada ya aske gemu ana gobe wasa. Kada ya yi murmushi a fili. In ana gaisawa kafin a take wasa, ya riƙe hannun ɗan gaban abokan hamayya ya ɗan jima, ya dubi gwiwarsa, kada ya dubi fuskarsa.

"Haƙurin nan kuma da kake bayarwa," in ji Bayumi, "ka riƙa bayarwa a zuci. Allah yana ji."

Sauran aikin 'yan kallo ne suka yi. Da fari suna kiransa Ɗan Mahauci, da wasa ya yi zafi kuwa sunan ya yi musu tsawo a baki, suka yar da rabinsa. Kafin kakar wasa ta ƙare, labari ya bi layin dogo ya kai har garuruwan arewa cewa akwai wani a kudu da ke rataye 'yan gaba kamar cinyar saniya. 'Yan wasan da suka zo Naga Hilal sukan rabu da ƙwallo tun suna nesa da shi. Wasu ma ciwon ciki kan kama su a ɗakin canza kaya. Ƙungiyar Sukari ta daina shan ƙwallaye, a shekara ta uku kuma ta hau rukuni na ɗaya, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka dasa rake a yankin.

Alƙalan wasa su ma sun ji labarin. Suna shigowa fili da hannu a bakin aljihu. In ɗan wasa ya yi tuntuɓe a ko'ina kusa da Zaglul, kati ne. Akwai ranar da aka yi hargitsi a tsakiyar fili, shi yana can gefe a durƙushe yana ɗaure igiyar takalmi, alƙali ya ratsa masu faɗan ya zo ya ɗaga masa jan kati, wai shi ya haddasa da ido. Zaglul ya miƙe ya fita ba musu, 'yan kallo suna yi masa kirari.

Wata babbar ƙungiya ta Alƙahira ta aiko a kai mata shi gwaji, don tana neman wanda zai tsorata mata abokan gaba. Ya je ya yi 'yan makonni. Kocin can ya ga ƙaton da ke tsallake ƙafar mutane kamar mai tsallake ƙwai, ya saka shi a jirgi ya dawo da shi, ya ce su mahauci suka nema, ba mai unguwa ba. Da Zaglul ya sauka a tasha, ya tarar gari ya riga ya san dalili: wai ya kwantar musu da manyan 'yan wasa uku a atisaye, suka ga in ya ƙara mako guda ba za su sami na fita fili ba. Ya yi ƙoƙarin gyara zancen a wurin mai shayi, aka yi ta gyaɗa kai ana cewa ai namijin duniya ba ya faɗin aikinsa.

Wasan da ya tabbatar masa da sunan har abada an yi shi ne a gida, da wata ƙungiya daga arewa. Ɗan gabansu, Wagdi Hilmi, kyakkyawan saurayi ne mai gashi a kwance, wanda ya yi tashe shekarun baya, amma a lokacin shisha da zaman dare sun fara cin ƙarfinsa. Bayan hutun rabin lokaci aka zura masa ƙwallo ta gefen hagu. Ya taho da gudu, ya ɗaga kai ya ga Zaglul a gabansa, sai ya karkace don ya kauce masa. A daidai wurin akwai ramin bututun ban ruwa da aka rufe da ciyawa, wanda duk 'yan wasan gida sun san shi suna kewaye shi. Ƙafar Wagdi ta faɗa ciki, jikinsa ya wuce, ƙafar ta tsaya.

Zaglul yana da tazarar taku biyu ko uku daga wurin. Ya ji ƙarar kamar an karya rake. Ya matso don ya taimaka, ya ga ƙashi ya huda safa, duniya ta juya masa, ya faɗi a kan mutumin da dukan nauyinsa.

Abin da 'yan kallo suka gani ke nan: Wagdi a ƙasa, Mahauci a kansa. Alƙali ya ɗaga jan kati tun Zaglul bai gama farfaɗowa ba. Hukumar wasa ta dakatar da shi na tsawon lokaci, jaridun Alƙahira suka buga hotonsa da gemun nan na ana gobe wasa, magoya baya kuma suka ɗauke shi a kafaɗa har bakin kasuwa. Abdurradi, wanda bai taɓa taka filin ƙwallo ba, ya yanke hoton ya manna a rumfarsa, a ranar ya riƙa yi wa masu sayen nama gyara ba su roƙa ba.

Washegari Zaglul ya sayi lemo ya tafi asibiti. Uwar Wagdi, wadda ta iso da jirgin safe, tana ganinsa ta cire takalmi ta bi shi da duka har waje, lemo ya watse a baranda. Ya zauna a kan benci ya rufe fuska da tafukan nan nasa, ya yi kuka kamar yaro. Wata ma'aikaciyar jinya mai suna Awatif ta tsaya tana kallonsa. Ta tsince lemon ta zuba masa a leda, ta ce masa in ya gama ya matsa, ya tare wa masu gadon marasa lafiya hanya.

Ita ya aura. Kafin nan gidaje uku sun hana shi 'ya, kowane uba yana cewa bai haifi 'yarsa don a ɓalla ta ba. Uban Awatif ma ya so ya yi gardama, ta ce masa ta ga abin da ta gani, kuma in akwai wanda za a ji wa tsoro a gidan, ba angon ba ne. Haka kuwa aka yi. Shekara da shekaru, in za a ci kaza, Zaglul kan fita ya zaga gari, maƙwabcinsu ya shigo ta ƙofar baya ya yanka, Awatif ta gyara ta wanke wurin tas kafin ya dawo. Maƙwabcin ya ɗauka girmamawa ce, wai Mahauci ba ya ɓata hannunsa da ƙananan abubuwa.

Wagdi bai ƙara buga ƙwallo ba. Tun yana gadon asibiti ya shaida wa 'yan jarida cewa wata ƙungiya a Turai ta gama shirin ɗaukarsa, saura sa hannu kawai, Mahauci ya datse masa rayuwa. Ƙungiyar Turan nan ta riƙa sauya ƙasa gwargwadon mai tambaya. Da ya warke ya buɗe shagon kayan wasa a garinsu, gidajen rediyo suka riƙa gayyatarsa duk lokacin da aka tashi zancen ƙeta a ƙwallo. Zaglul yakan ji shi a rediyo yana bayyana yadda aka shigo masa da ƙafa biyu daga baya. Sau ɗaya ya yi niyyar zuwa har can ya ƙaryata shi. Bayumi ya hana. Ya ce tun ranar nan ba ɗan gaban da ya ƙara shiga da'irarsu da zuciya ɗaya, kuma gaskiyar da za ta jawo musu faɗawa rukuni na biyu gara ta jira.

Gaskiyar ta jira, ƙungiyar kuma ta faɗa rukuni na biyun duk da haka, don tsaron baya ba ya cin ƙwallo. Zaglul ya ci gaba da wasa har gwiwoyinsa suka ƙi. Ya bar fili da tarin katunan da ba wanda ya kai shi a tarihin ƙungiyar, ba tare da ya taɓa fasa wa kowa ko farce ba.

Kamfanin ya ba shi shugabancin masu gadin babbar ƙofa. A da, lokacin sarar rake, direbobin manyan motoci kan yi dambe a kan layi, har a fasa kai. Ranar da Zaglul ya ajiye kujerarsa a ƙofar, layi ya miƙe kamar sahun salla. Bai taɓa ɗaga murya ba. Yakan zauna da kofin shayinsa yana tunanin abin da za a dafa a gida, direbobi kuwa su ga girar nan a haɗe su kashe rediyon mota. Daga nan aka fara zuwa ɗaukarsa zaman sulhu. In dangi biyu suka yi rikici kan iyakar gona ko ruwan rafi, sai a zaunar da shi a tsakiya. Ba ya cewa komai, don yawanci bai ma fahimci kan rikicin ba. Kowane ɓangare ya dubi hannuwansa a kan gwiwa, sai a ga an sassauto, a karanta Fatiha, a kawo abinci. Ya kashe wutar da ta fi ƙarfin dattawa da 'yan sanda, kuma duk lokacin da ya dawo gida sai ya ce wa Awatif tsoro yake ji tun da aka fara.

Yana dab da yin ritaya daga kamfanin, wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani tsoho mai sanƙo da sanda ya sauka daga jirgin arewa ya tambayi inda Mahauci ke zama. Aka nuna masa gidan shayin Alhaji Sha'aban, inda tsofaffin magoya bayan Sukari ke haɗuwa suna buga domino. Sai da ya faɗi sunansa aka gane shi. Masu domino suka tsayar da wasa. Wasu suka janye kujerunsu don su ba da fili.

Wagdi ne. An yi masa aikin zuciya a farkon shekarar, ya leƙa kabari ya dawo, ya ƙudura cewa ba zai tafi da hakkin mutum a wuyansa ba. Ya tsaya a tsakiyar jama'a, ya dogara da sandarsa, ya ce yana so kowa ya shaida. Kyaftin Zaglul bai taɓa shi ba. Rami ne ya karya shi. Ba wata ƙungiyar Turai da ta taɓa sanin yana duniya, hasali ma ƙungiyarsa ta riga ta gaya masa za ta sallame shi a ƙarshen kakar. Ya juya ya fuskanci Zaglul, idonsa ya kawo ruwa.

"Ka yafe mini, Kyaftin. Na ci da sunanka shekara talatin."

Zaglul ya daɗe yana jiran wannan rana. Ya sha tsara yadda za ta kasance, yadda mutane za su zo ɗaya bayan ɗaya su ba shi hannu. Ya tashi ya rungume Wagdi, ya ce Allah ya yafe musu baki ɗaya. Da yake Wagdi ya rame, shi kuwa yana nan yadda yake, tsohon ya ɓace a ƙirjinsa, sandar ta faɗi, aka ji ya yi ɗan nishi.

Ba wanda ya zo ya ba da hannu. Alhaji Sha'aban ya kawo wa baƙo shayi da kansa, ya dafa kafaɗarsa cikin tausayi, ya ce masa kada ya damu, sun gane. Da ya koma wurin murhu ya rage murya, amma ba yadda Zaglul ba zai ji ba.

"Kun ga ikon Allah. Mahauci ya tsufa, ya yi jika, amma saƙo guda ya aika, bawan Allah ya taso daga arewa da zuciya a ɗinke ya zo ya janye maganarsa."

Wani ya ce shi ai yana filin a ranar, a layin gaba, da idonsa ya ga ƙafa biyun. Wani ya ce rami kam akwai shi, amma wa ya tura shi ciki? Wagdi ya rantse, ya ƙara rantsewa, yana ɗaga murya har numfashinsa ya fara sarƙewa. Duk rantsuwar da ya ƙara, sai jama'a su ƙara jinjina irin tsoron da ke cikinsa.

Zaglul ya ɗauki sandar ya miƙa masa, ya ce ya zo su je gida a ci abinci.

Awatif ta yi musu tattabaru da shinkafa. Ta gane baƙon tun daga ƙofa, ta tambaye shi ƙafa, ta ce ita ta riƙe masa ita ranar da aka ɗora. Da ta ji yadda aka kwashe a gidan shayi, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

"Abu Hani," ta ce wa mijinta, tana yi masa alkunya da sunan ɗansu, "da kake ta jira su yarda, in sun yarda wa zai riƙa tsayar maka da direbobi? Ni?"

Zaglul ya jawo farantinsa. Amma yana cin abinci yana juya maganar, ya tuna akwai zaman sulhu da aka sa ran zai je a mako mai zuwa, tsakanin wasu dangi biyu da har sun fara fito da bindigogi. Ya yi tunanin ya shiga wurin a matsayin mutumin da ya suma a kan ɗan wasa. Ya ajiye cokalinsa.

Wagdi ma jikinsa ya yi sanyi. Ya ce a garinsu ya gwada faɗin gaskiyar ga masu zama a shagonsa, suka saurara cikin ladabi, washegari rabinsu ba su dawo ba. Ba mai son zama da mutumin da ya faɗa rami. Ya tambayi Zaglul, cikin jin kunya, ko zai damu in wani lokaci, in baƙi suka matsa, ya ɗan koma wa tsohon labarin.

Zaglul ya ture faranti gefe. Ya ce masa ya koma wa labarin, amma ya cire zancen daga baya, don shi bai taɓa zuwa wa mutum ta baya ba, ko a ƙarya ba ya so. Wagdi ya ce wannan adalci ne. Suka sha shayi, suka yi hirar Bayumi da ya daɗe da rasuwa, da alƙalan zamaninsu, da yadda yaran yanzu ke faɗuwa in iska ta taɓa su.

Da la'asar ya raka shi tasha. Jirgin ya zo a cike, matakalarsa kuma ta yi wa ƙafar Wagdi tsawo. Ya gwada sau biyu ya kasa, ga jirgi yana shirin tashi. Zaglul ya sa hannu ya ɗaga shi cak, ya ajiye shi a cikin tarago, ya jefa masa sandarsa da ƙullin tattabarun da Awatif ta ba shi. Wagdi ya leƙo ta taga yana ɗaga hannu har jirgin ya sha kwana.

Kafin magariba gari ya ɗauka cewa Mahauci ya ɗauki mutumin ya wurga shi cikin jirgi, ya bi shi da sanda. Zaman sulhun da aka yi a makon da ya biyo baya bai ɗauki lokaci ba. Dangin biyu suka miƙa bindigoginsu tun kafin a zuba shayi.

Yanzu Zaglul ya bar kamfanin. Gwiwoyinsa ba sa barinsa ya yi nisa, don haka yawanci yana kan rufin gidansa yana ba tattabaru hatsi, waɗanda ya raɗa wa kowace suna, abin da ya sa Awatif ta koma sayen na ci a kasuwa. Wagdi yakan kira shi a waya lokaci lokaci, su yi ƙorafin magunguna da likitoci. A kiran da ya yi na baya bayan nan ya ce shago ya sake cika, kuma ƙungiyar da ta so ɗaukarsa yanzu ta Italiya ce. Zaglul ya ce masa Allah ya sanya alheri, ya tambaye shi ko yana shan maganin hawan jininsa a kan lokaci.